Abin da yashi ya nuna: nazarin lamarin wani lungun teku a kudu da Jidda

## Wurin da masu shi

A kudu da Jidda, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a mota, akwai wani lungun teku da ya kutso cikin tudu, irin wanda mutanen gaɓar Bahar Maliya ke kira sharm. Bakinsa matsattse ne, cikinsa ya buɗe, tsakiyarsa ba ta wuce zurfin mita 6 ba. Daga bakin zuwa waje duk duwatsun murjani ne. A gaɓar arewa wani dattijo yake da istiraha: ɗakunan haya na masu zuwa hutun ƙarshen mako, kicin inda ake suyar kifi, kwale-kwale biyu, da keji biyu na kiwon kifi a cikin ruwa. Ɗan ƙasa ne, haifaffen Jidda, amma kakansa daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa da niyyar aikin Hajji, ya yi shekaru a Sudan yana haɗa guzuri, ya tsallako ta Sawakin, bai koma ba. Har yau da Hausa ake magana a gidansu, ma'aikatansa ma akasari Hausawa ne. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu shi ne maigadi, mutumin Damagaram, wanda ya fi kowa sanin ruwan wurin tunda a bakinsa yake kwana.

Bahar Maliya ta sha bamban da sauran tekuna. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a cikinta duk shekara, rana kuma tana shan ruwanta ba kaɗan ba, shi ya sa gishirinta a wajen Jidda yake kai kimanin giram 39 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne. Ruwanta ba shi da taki, wato sinadaran naitirojin da fosfet da tsirrai ke ci, kuma rashin takin nan ne ya sa yake garau har murjani ke bunƙasa a cikinsa. A wannan yanki cikowa da janyewar teku na kullum ɗan kaɗan ne, bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba. Babban sauyin na shekara ne: lokacin sanyi ruwa ya hau, lokacin zafi ya sauka. Saboda haka abin da ya shiga lungu irin wannan yakan daɗe bai fita ba.

Ƙasar wurin tsohon murjani ce da ya zama dutse, ƙofofi ko'ina a jikinsa, dangin dutsen da aka gina gidajen tsohuwar Jidda da shi. A cikin dutsen nan aka haƙa bayyara, ramin da ruwan bayi da na kicin ke zuba, kimanin mita 30 daga bakin ruwa. Shekara huɗu kafin matsalar lalacewar ruwan lungun ta kunno kai, dattijon ya ƙara ɗakuna daga huɗu zuwa goma sha biyu, ya kuma sa aka cike masa gada ta dutse daga gaɓar arewa zuwa kusan sulusin faɗin lungun, don ɗaure kwale-kwale. Gadar cikakkiya ce, ba a bar mata ƙofar da ruwa zai bi ta ƙarƙashi ba.

## Shekara ta farko, Yuni zuwa Satumba: farawar matsala

Maigadi ne ya fara lura. A watan Yuni ya ce ruwan bayan gada ya daina nuna ƙasa, ya yi kore-kore, kuma idan ya tashi alwalar asuba yana jin ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai daga wannan kusurwa. Kafin ƙarshen Yuli gansakuka ta shimfiɗe a bakin gaɓa, ciyawar teku da ke tsakiyar lungun ta fara yin baƙi tana tsinkewa.

A Agusta kifin keji ya fara mutuwa. Yadda yake mutuwa iri ɗaya ne kullum: da rana lafiya lau, yana cin abinci, amma gab da fitowar alfijir sai a ga ya taso sama yana buɗe baki, gari na wayewa a kwashe matattu. A bakin lungun kuma wasu daga cikin murjanin sun yi fari fat, wasu wata gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe su.

Kowa ya ce zafi ne, kuma maganar ba ta rasa tushe ba. An shaida yadda murjani ya yi fari a tsakiyar Bahar Maliya a 2010 da 2015 saboda ɗumamar ruwa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Dattijon ya sayi injin hura iska guda biyu aka sa a kejin, ana kunna su daga tsakar dare. Mutuwar kifi ta ragu sosai. Launin ruwa da ɗoyin asuba ba su canja ba.

## Oktoba zuwa Disamba: gwajin ruwa

Aka kira wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Ma'aikacinsu ya zo wata Talata da misalin ƙarfe goma na safe, ya tsaya a ƙarshen gada ya cika kwalabe daga saman ruwa, ya shiga kwale-kwale ya ɗebo na tsakiya da na baki. Sakamako ya fito: oksijin wadatacce, naitirojin da fosfet ba su haura ƙa'ida ba, ƙwayoyin cutar bayan gida kaɗan ne. A Disamba aka maimaita, kusan a irin wannan lokaci, aka sami kusan abu ɗaya.

A daidai wannan lokacin sanyi ya shigo, teku ta hau, sabon ruwa ya shiga lungun, ɗoyin ya lafa. Da takarda biyu a hannu da kuma abin da ido ke gani, dattijon ya ɗauka zafin bana ne ya yi ɓarnarsa ya wuce.

## Shekara ta biyu, Janairu da Fabrairu: shara da sabon yashi

Saura a gyara abin da baƙi ke gani. Ma'aikata suka shiga da manjagara suka kwashe gansakuka, aka sayo tifa-tifa na farin yashin teku daga wani wuri aka baza a gaban ɗakuna, har cikin ruwa zuwa iya gwiwa. Wurin ya yi kyau na kusan wata ɗaya da rabi. Bayan nan, duk wanda ya tona yashin da yatsa a kusa da gada sai ya tarar da ƙasansa ya yi baƙi ƙirin, gansakuka kuma ta dawo tun zafi bai kankama ba.

Daga nan zargi ya koma kan maƙwabci. A gaɓar kudu akwai wani gida mai ƙaramin injin tace ruwan teku, yana mayar da ragowar ruwa mai kaurin gishiri cikin lungun ta wani bututu. Magana ta kai har an aika masa, shi kuma ya ce kejin kifi ne ya ɓata ruwan. Gaisuwa ta fara yin sanyi tsakanin gidajen biyu.

## Maris: ɗibar yashi

'Yar ƙanwar dattijon tana karatun digiri na biyu a fannin nazarin ƙasan teku a Jidda. Ta zo hutu da iyayenta, ta ji ana ta mayar da zance, sai ta ce:

"Kawu, ka ba ni izini in ɗebi yashin wurin nan in duba."

"Yashi kuma? 'Yar nan, ruwa ne ya lalace."

"Ruwan da aka ɗiba na safiyar Talata ne kawai, Kawu. Abin da ke zaune a ƙasa ya sha ruwan Juma'a da na Asabar, ya sha na dare, ya sha na Agusta. Shi nake so in tambaya."

Abin da take nufi su ne foraminifera. Halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya tak, amma suna gina wa kansu ɓawo mai ɗaki-ɗaki, akasari da sinadarin alli, wasu kuma ƙwayoyin yashi suke liƙawa. Yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Wani masani Bafaranshe, Alcide d'Orbigny, shi ya fara tsara su a 1826. Sun daɗe a duniya, har dutsen da aka gina dalar Giza da shi cike yake da ɓawon wasu manya daga cikinsu. A gaɓar Bahar Maliya, kaso mai tsoka na farin yashin da ake takawa ɓawonsu ne.

Amfaninsu ga mai neman sanin lafiyar ruwa shi ne ba sa gudu. Kifi yakan bar wuri in ya ɓaci, su kuwa inda suke nan suke, rayuwarsu daga 'yan makonni ce zuwa watanni, manyan su kai shekara ko fiye. Kuma kowane jinsi da irin ruwan da yake so. Akwai manya irin su Amphistegina da Peneroplis da Sorites, waɗanda ke ajiye ƙananan tsirrai a cikin jikinsu suna ci daga abin da tsirran suka sarrafa da hasken rana, daidai yadda murjani ke yi. Waɗannan sai ruwa garau marar taki. Akwai ƙanana da ke kiwo a kan abin da suka samu, irin su Quinqueloculina da Triloculina, suna son abinci amma suna bukatar oksijin. Akwai kuma masu jure wuya irin su Ammonia da Elphidium da Bolivina, waɗanda ke yaɗuwa a taɓo mai ruɓa inda oksijin ya yi ƙaranci.

A 2003 Pamela Hallock ta Jami'ar Kudancin Florida a Amurka da abokan aikinta suka mayar da wannan ilimi ma'auni, wanda ake kira ma'aunin FORAM. Lissafinsa ba wuya: kason manyan a ninka shi sau 10, na ƙananan sau 2, na masu jure wuya sau 1, a tara. Misali, in a cikin ɓawo 100 an sami manya 30, ƙanana 60, masu jure wuya 10, jimilla ta zama 4.3. In manya 5 ne, ƙanana 25, masu jure wuya 70, ta zama 1.7. Sama da 4 na nufin ruwan ya dace da girman murjani. Tsakanin 2 da 4 yana kan gaɓa, in murjani ya mutu da wuya ya farfaɗo. Ƙasa da 2 bai dace ba.

Ta zaɓi wuri 12 a cikin lungun: baki, tsakiya, ƙarƙashin keji, gaban bututun maƙwabci, gaban ɗakuna, da ɓangarori biyu na gada. Ta ƙara wuri 3 a wani lungu na kusa inda babu gini ko ɗaya, don a sami abin kwatantawa. A kowane wuri aka kankare saman yashi kaurin santimita ɗaya, sau uku, kowanne a kwalbarsa. Maigadi da ɗan dattijon ne suka yi nutson. Rabin kowane ɗiba ta zuba masa rinin da ake kira Rose Bengal, giram 2 a litar itanol na ɗakin gwaji, aka bar shi kwana 14 kamar yadda ƙa'idar da masana fannin suka fitar a 2012 ta tanada. Rinin yana kama naman halittar ya mayar da shi ja-ja, ɓawon da ba kowa a ciki kuwa ya bar shi fari. Da haka ake bambance wanda yake da rai lokacin ɗiba da wanda ya daɗe da mutuwa.

## Afrilu da Mayu: abin da aka gani

Aikin na haƙuri ne. A wanke yashi a rariya mai ido maikuron 63, taɓo ya wuce, a busar da abin da ya rage, a barbaɗa kaɗan a baƙin faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a riƙa tsintar ɓawo ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen bakin buroshi mai siririn gashi, har a tara 150 zuwa 200 daga kowane ɗiba.

Yashin bakin lungun abin sha'awa ne a ƙarƙashin madubi. Amphistegina sumul-sumul suna sheƙi, masu siffar ƙwayar adas, ga Sorites faifai-faifai da ɗakuna a jere zobe bayan zobe, ga Peneroplis farare tas. Da dama sun kama rini. Ma'auni ya haura 4 da nisa, kamar na bakin lungun da aka kwatanta da shi. Na tsakiya ya faɗo tsakanin 2 da 4, kuma manyan da ke ciki akasari ɓawo ne fanko.

Na gaban ɗakuna ne ya kusa ɓatar da lissafi, domin shi ya ba da maki mafi yawa a duk lungun. Da ta koma kan rabin da aka rina sai ta ga ko ɗaya daga cikin manyan bai kama launi ba. Gefunansu a goge suke, da yawa a farfashe. Waɗannan a tifa suka zo. Masu rai a wurin 'yan Ammonia ne da Elphidium. Ta cire wuraren gaban ɗakuna daga lissafin jimilla, ta dogara da na masu rai kaɗai.

A gaban bututun maƙwabci gishiri ya ɗan ɗara na sauran wurare, amma Quinqueloculina da Peneroplis suna nan da ransu, wasu kaɗan da karkataccen ɓawo. Karkacewar ɓawo takan zo daga gubar ƙarafa, takan kuma zo daga yawan gishiri kawai, don haka ba ta ɗauke ta a matsayin hujja ba. 'Yan mitoci kaɗan daga bututun komai ya koma daidai da na tsakiya. Ƙarƙashin keji ma'auni ya sauka kusa da 2, sai dai a ɗan kewaye ne, bai bazu ba.

Mafi muni shi ne aljihun da ke bayan gada, kuma yana ƙara muni ne idan aka nufi kusurwar arewa maso gabas, wadda ke ƙasa da kicin. Nan ma'auni ya faɗi ƙasa da 2. Jinsunan 'yan kaɗan ne, Ammonia ta mamaye, ƙanana-ƙanana. Ɓawo da yawa sun yi baƙi saboda sinadarin ƙibiritu da ƙarfe da ya cika ɗakunansu, wasu sun zaizaye kamar an lasa. A ɗiba mafi kusa da kusurwar, da ƙyar aka tara adadin da ake bukata. Ta kuma yi taka-tsantsan wajen ƙirga masu rai a nan, domin a taɓon da ba oksijin nama yakan daɗe bai ruɓe ba, rini ya kama mataccen makonni. Waɗanda suka rinu sosai kaɗai ta ƙirga.

Ta zana taswira a takarda, ta shafa wa kowane wuri launinsa, ta shimfiɗa a gaban kawunta da maigadi. Maigadi ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kusurwar.

"Alhaji, nan akwai inda ruwa ke tsattsafowa daga dutse. In teku ta sauka lokacin zafi ina ganinsa, ya fi yawa safiyar Asabar da Lahadi. Na ɗauka idon ruwa ne."

Yarinyar ta juya ga kawunta. "Kawu, yaushe rabon da wayit ya zo ya zuƙe bayyara?"

Dattijon ya ce bai taɓa kiran wayit ba, wato motar tankin da ke kwashe ruwan datti, tunda aka haƙa ramin. Bai taɓa cika ba, har yana yaba wa wanda ya haƙa shi.

A ƙarshen Mayu aka zuba koren rini marar guba, irin wanda ake bin sawun ruwa da shi, a cikin bayyara da yammacin Juma'a. Washegari da safe kusurwar ta yi kore shar a daidai inda maigadi ya nuna. Aka ɗebi ruwa a nan da asuba, daga bakin tsagar dutsen da kuma dab da ƙasa, aka kai ɗakin gwajin da ya yi na farko. Wannan karon gishiri ya gaza na teku, naitirojin da fosfet da ƙwayoyin cutar bayan gida sun haura ƙa'ida nesa ba kusa ba, oksijin a ƙasa kuma kusan babu. Dattijon da kansa ya taka ya je gidan maƙwabcinsa da taswirar a hannu.

## Yuni zuwa Nuwamba: gyara

A Yuni aka zuƙe bayyara aka cike ta, aka binne tanki rufaffe a madadinta, aka yi yarjejeniya da mai wayit yana zuwa kowane mako, sau biyu in baƙi sun yi yawa. Kicin ya sami tarkon maiƙo. Aka hana zuba kayan ciki da ruwan wankin kifi a teku. Aka ja keji zuwa wuri mai zurfi kusa da baki, aka koma auna abincin kifi maimakon watsawa da kwano.

An yi gardama kan taɓon kusurwar. Ɗan dattijon yana so a kawo injin a kwashe shi a huta. Yarinyar ta ce tayar da shi a tsakiyar zafi zai saki iskar ƙibiritu da takin da ya taru a ciki lokaci guda, ƙura kuma ta je ta sauka a kan murjanin da ya rage. Aka bar shi.

Agustan wannan shekara bai zo da sauƙi ba. Ruwa ya sake yin kore, ɗoyi ya dawo, an yi asarar kifi a wani dare da wuta ta ɗauke injin ya tsaya. Dattijon ya kira 'yar ƙanwarsa ya ce ya kashe kuɗi ga shi ba abin da ya canja. Ta ce masa takin shekara da shekaru yana kwance a taɓo, kuma idan oksijin ya ƙare a ƙasa taɓon yakan saki fosfet ɗin da ya riƙe, don haka ko an toshe famfo sai tulin ya ƙare. Bai gamsu ƙwarai ba, amma bai fasa kiran wayit ba.

Taɓa gada sai da izinin hukuma, wannan ya ɗauki watanni. A Nuwamba aka fasa ta wuri biyu kusa da gaɓa aka sa manyan kwalbatoci, ruwan lokacin sanyi ya fara ratsa aljihun da ke bayanta.

## Shekara ta uku da ta huɗu, Maris: sake ɗiba

An koma wuraren nan dai, a wata ɗaya, da hanya ɗaya. A Maris na shekara ta uku lissafin jimillar ɓawo kusan bai motsa ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda ɓawon matattu yana nan a yashi. Canjin a cikin masu rai yake. A bayan gada Ammonia ce har yanzu a gaba, amma Quinqueloculina da danginta sun shigo, yawan jinsuna ya ƙaru, baƙin taɓo ya yi ƙasa ya bar siririn fari a samansa. A tsakiya ciyawar teku ta fara tohowa. Agustan shekarar ya wuce ba a yi asarar kifi ba, ɗoyin asuba kuma na 'yan kwanaki ne.

A Maris na shekara ta huɗu aka sami Peneroplis da Sorites masu rai manne da ganyen ciyawar tsakiya, Amphistegina kuma a kan tsakuwar bakin kwalbatoci. Ma'aunin tsakiya ya tsallake 4. Kusurwar kicin ta fita daga ƙasa da 2 ta shiga tsakanin 2 da 4, nan ta tsaya. Murjanin da ya mutu a shekarar farko bai dawo ba. Abin da aka gani shi ne 'yan sababbin tsiro, girman babban yatsa, a kan duwatsun baki.

## Hukunci

Tushen matsalar bayyara ce da aka haƙa don ɗaki huɗu a dutse mai ƙofofi, aka ɗora mata goma sha biyu, gada kuma ta tare abin da take zubarwa a wuri ɗaya. Zafi shi ne ya riƙa fito da cutar fili kowace shekara, amma lungun da aka kwatanta da shi ya sha zafi iri ɗaya bai yi kore ba. Keji ya ba da tasa gudummawar, ƙarama. Maƙwabci ba shi da hannu.

Injin hura iska ya ceci kifi, kuma sayensa daidai ne, sai dai bai taɓa sanadin ba. Shara da sabon yashi asarar kuɗi ce, har ta kusa ɓatar da binciken. Gwajin ruwa na farko ba ƙarya ya yi ba. An ɗiba ne a tsakiyar mako lokacin da ɗakuna ba kowa, da hantsi lokacin da gansakuka ke cika ruwa da oksijin, daga sama, nesa da kusurwar. Ga shi kuma a ruwa mai yunwar taki irin na Bahar Maliya, gansakuka na lashe naitirojin da fosfet da zarar sun shigo, sai kwalba ta nuna kaɗan alhali ana ta zuba. Ɗakin gwajin nan dai shi ya tabbatar da laifin bayyara da aka nuna masa inda zai ɗiba da lokacin da zai ɗiba.

A ganina aikin da foraminifera suka yi a nan shi ne nuna wuri. Ba su faɗi abin da ke zuba ba, ba su faɗi daga ina ba. Sun tattara labarin watanni suka nuna kusurwa ɗaya, daga nan sanin maigadi da rini da kwalbar asuba suka ƙarasa. Da ba a shimfiɗa taswirar a gabansa ba, da abin da ya daɗe yana gani bai zama shaida ba, kuma ina ganin wannan darasi ne ga duk mai irin wannan bincike a gaɓar nan: masu kwana a bakin ruwa a nuna musu sakamako tun kafin a rubuta rahoto.

Ma'aunin kansa yana da iyaka. A tekun Karibiyan da gaɓar Florida aka gina shi, don yashin murjani. Cikin lungu mai taɓo yakan ba da maki kaɗan ko da ba ƙazanta, kuma haka aka gani a ƙuryar lungun da ba kowa, inda shi ma ya tsaya tsakanin 2 da 4. Ke nan ba lallai kusurwar kicin ta taɓa kai 4 ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne ta yi kama da takwararta ta lungun da ba a taɓa ba, a yawan jinsuna da kason masu rai. Ba don wurare ukun nan na kwatance ba, da rinin da ya tona asirin yashin tifa, da lambobin sun kai mutane inda ba nan ba. Haka kuma ba za a iya raba amfanin tanki da na kwalbatoci ba, tunda a shekara ɗaya aka yi su. Na fi karkata ga cewa tanki ne babba, domin shi ya yanke abin daga tushe, kwalbatoci suka hanzarta warkewa.

Lamarin ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da tafkunan Arba'in da Shabab na cikin Jidda, waɗanda ruwan datti ya daɗe yana zuba a cikinsu, inda masanan Jami'ar Sarki Abdul'aziz suka yi nazarin foraminifera don auna ɓarnar. Amma irin wannan ƙaramin shi ne ya fi yawa a gaɓar, istiraha bayan istiraha, kowace da raminta, kuma shi ne wanda gida ɗaya zai iya gyarawa da kuɗin aljihunsa. Kayan aikin ma ba su fi ƙarfin ɗalibi ba: rariya, rini, madubi, da idon da ya koyi bambance jinsuna.

Yanzu an tsayar da ɗiba kowane Maris a wurare shida daga cikin sha biyun, da biyu a lungun kwatance. Tsohon taɓon kusurwar yana nan ba a taɓa shi ba, za a sake duba batun kwashe shi a lokacin sanyi idan ɗiba biyu masu zuwa ba su nuna ci gaba ba. A gaɓar kudu akwai gidaje biyu da har yanzu bayyararsu irin ta dā ce. Maƙwabcin da aka zarga ya riga ya binne tanki, kuma shi da dattijon ne ke bin sauran biyun da magana.